Kofuna Uku, Ƙamshi Ɗaya

Assalamu alaikum, masu bibiyar rigimata. Wanda ya shigo yau ya gyara zama in faɗa masa inda muke a gurguje. A gida Me-ya-sa ake kira na. Tun ina ƙarama aka liƙa mini sunan, don ko gishiri aka ce in miƙo sai na nemi dalili. Yanzu haka ni da Ummanmu muna gidan Yayata muna taya ta jego, domin mijinta na aiki a wani gari. Akwai kuma wani bawan Allah da ke nema na da aure, mai shagon kayan ƙamshi da ganyen shayi a bakin titi. A wayata Kanumfari na sa masa, saboda ko wane turare ya fesa, ƙamshin kanumfari ne ke fara yin sallama kafin shi.

Ina son sa. Gara in faɗa tun yanzu, kada ku ji abin da na yi ku ce da ma neman hanyar gudu nake.

Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama. Ita ke haɗa wani shayi na masu shayarwa da ake rububinsa a shagon, kuma babu wanda ya san abin da ke ciki, har ɗan nata. A ɗaki take kulle kanta ta haɗa, ta ƙulla a farar leda ta miƙo. An ce matar babban ɗanta ta taɓa tambayar ta sirrin haɗin, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Shi ya sa ranar da Mama ta aiko wa Yaya da kyautar shayin, Umma ta ja ni kicin ta riƙe mini kunne.

"Ke za ki riƙa dafa mata kofi ɗaya kullum da yamma, don a san mun girmama kyauta. Bakin nan naki kuma ki ɗinke shi har a ɗaura aure. Kin ji ko?"

"Me ya sa za a…"

"Kin gani ko? Tun ban rufe baki ba!"

Na karɓi ledar.

Jaririn Yaya, Dunƙule muke ce masa, don hannunsa kullum a dunƙule yake kamar mai jiran a taɓa shi. Yaro ne kyakkyawa, amma akwai kuka. Da ya tsandara ihu sai Umma ta kalli Yaya daga wuya zuwa ƙirji ta girgiza kai. Hajiya, wato uwar mijin Yaya da ke zaune a gida na gaba, ita ba ta ɓoye nata: "Nonon ne bai ishe shi ba. Yarinya siririya haka, ina za ta ajiye shi?" Yaya sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jijjiga ɗanta. Ni kuwa abin yana ci mini rai, don ban ga inda aka auna nonon aka ce ya kasa ba.

Aikina a gidan wanke-wanke da wanki. To a nan hancina ya fara kawo mini rahoto.

Wata safiya ina wanke kofin silbar nan da Umma ke kai wa Yaya da sassafe, wanda take cewa ruwan ɗumi ne kawai, sai na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, irin na sukarin da ya fara ƙonewa a tukunya. Na ce ikon Allah, yaushe ruwan ɗumi ya fara ƙamshi? Na ajiye shi gefe. Da rana Hajiya ta shigo da ɗan filas ɗinta a ƙarƙashin mayafi, daidai lokacin da Umma ke ɗan kishingiɗa, ta shige ɗakin Yaya ta turo ƙofa. Da ta tafi na je kwashe kwanuka, na tarar da kofin gilashi mai bakin zinare a ƙarƙashin gado. Na shinshina. Ƙamshin nan ne dai. Da yamma na dafa shayin Mama a shuɗin kofin da na saba, na kai hancina, sai na tsaya da cokali a hannu.

Ba a nan ya tsaya ba. Rigar barcin Yaya, wajen hammata, ƙamshin ne. Nafkin ɗin Dunƙule ma da na jiƙa a bokiti, shi ne. Ku gaya mini, wace mace ce za ta ji wannan ta iya barin sa? Na zauna a kan kujerar tsugunno a bayan kicin, kumfa har gwiwar hannu, ina ta lissafi. In abin da uwa ta sha yana fita a guminta, har ya fita a fitsarin ɗanta, ashe yana bi ta nono ke nan. In ƙamshinsa na bi, me kuma ke bi wanda hanci ba ya ji?

Na ɗauki waya da jiƙaƙƙen hannu na rubuta wa Kanumfari: "Me ke sa shayi ƙamshin ƙonannen sukari?"

Nan take ya amso: "Hulba ce. Yau kuma binciken a kan shayi ya sauka, ranki ya daɗe?"

"Akwai ta a haɗin Mama?"

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: "Hancina ya ce akwai. Bakina bai ce komai ba."

Na yi dariya ni kaɗai. Irin wannan ne ke sa in ƙara son sa. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don ina shiga ɗaki da wankakkun kaya na tarar da Yaya tsaye ta dafa bango, gumi na tsattsafo mata, hannunta na rawa har zanen goyon da ta riƙe yana kaɗawa.

"Yaya! Lafiya?"

"Jiri ne. Yanzu zai wuce. Miƙo mini wani abu mai zaƙi."

Na ruga na dama mata ruwan sukari. Ta sha, ta zauna a bakin gado, a hankali idonta ya dawo daidai. Yaya tana shan maganin suga tun tana da ciki, likita ya ce ta ci gaba har a sake dubawa. Na san wannan, amma ban taɓa ganin ta haka ba.

"Yau ya fara?"

Ta kawar da kai. "Ya kwana biyu yana yi mini. Ga cikina ma ba ya zama lafiya."

"Yaya, kofi nawa kike sha a rana?"

Ta shiga gyara wa Dunƙule hula, hular da ba abin da ya same ta.

"Na shinshina su duka," na ce. "Na silba, na gilashi, da nawa."

Sai ta fashe da wata dariya mai haɗe da hawaye. "Ke wallahi Allah ya shirye ki. To ya kike so in yi? Umma ta ce kada in faɗa wa kowa, don kada maganar ta koma wa Mama ta ce an raina kyautarta. Hajiya ta ce kada in faɗa wa Umma, don kada ta ɗauka ana cewa ba ta iya kula da 'yarta ba. Naki kuma in na ƙi sha, aurenki zan ɓata. Wa zan ce wa a'a? Uwata, ko uwar mijina, ko surukarki ta gobe?"

Ashe har da ni a cikin masu ɗura mata, kuma saboda ni take haɗiyewa.

Allah ya taimake mu washegari ranar awon jarirai ce. Na saka doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na saƙale jakar kayan Dunƙule, a ciki kuma na cusa ledar shayin Mama ba tare da Umma ta gani ba. Asibitin cike yake da mata a kan benci, kowace da nata mai kukan. Da layi ya zo kanmu, nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ɗora Dunƙule a sikeli, ta duba, ta ce, "Masha Allah, wannan ai yana ƙaruwa yadda ake so." Ta ɗaga shi za ta miƙa, sai ta tsaya ta shinshina wuyansa, ta kalli Yaya.

"Hulba kike sha?"

Yaya ta kalle ni. Ni kuwa da ma ƙofa nake jira a buɗe mini. Na zayyana komai, kofi uku, jiri, rawar hannu, maganin suga, ciwon ciki, har nafkin. Na ciro ledar na ɗora a tebur.

Nas ta cire tabarau, ta dubi Yaya. "Wa ya ce miki nononki bai isa ba?"

"Yana yawan kuka," in ji Yaya a hankali.

"Yana jiƙa nafkin sau da yawa a rana?"

"Ni ke wankewa," na ce. "Har igiya ba ta isa."

"To yaron da ke jiƙa nafkin haka, nauyinsa kuma na hawa, ba yunwa ke sa shi kuka ba. Wataƙila ma cikinsa ne ke kumbura, don hulba in ta yi yawa takan dami cikin uwa, wani lokaci har na ɗan. Ke kuma da kike shan maganin suga, tana iya ƙara saukar miki da shi. Zan haɗa ki da likita yanzu a duba. Amma daga yau ki dakata da duka ukun."

Ni fa tambayoyi sun riga sun yi mini layi a baki. "To ita hulbar ba ta ƙara nono ke nan?"

"Wasu matan sukan ce ta yi musu amfani, wasu ba su ga komai ba. Ba a gama tabbatarwa ba. Abin da muka tabbatar shi ne, yawan ba yaro nono da kama shi da kyau su ke kawo nono. Sai uwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, ta samu hutu, a kuma daina tsorata ta."

"Amma ai ganye ne, ba magani ba."

"'Yata, duk abin da zai iya yi wa jiki aiki, zai iya yi masa yawa." Ta buɗe ledar ta zuba kaɗan a tafin hannu tana juyawa da yatsa. "Ga hulba na gani. Sauran an daka su, ban san ko mene ne ba. Abin da ban sani ba kuwa ba zan ce wa mai shayarwa ta sha ba. Ku tambayi mai haɗawa ta faɗa muku kowane ganye da sunansa, ku dawo mu duba tare."

Ku tambayi mai haɗawa. Haka ta faɗe shi a sauƙaƙe, kamar ta ce mu sayo ashana.

Muna dawowa na tarar da Umma da Hajiya a falo, kowace a ƙarshen doguwar kujera, suna hirar tsadar gawayi cikin ladabin da ya fi faɗa gajiyarwa. Ban cire mayafi ba na wuce kicin. Na jera kofin silba, da na gilashi, da shuɗin a kan faranti, na kawo na ajiye a tsakiyar tebur, na durƙusa.

"Umma, Hajiya, ku yi haƙuri. Nas ta ce duk wanda ya san kofinsa a nan ya huta."

Umma ta kalli kofin gilashi, ta kalli Hajiya. Hajiya ta kalli na silba, ta kalli Umma. Na faɗa musu abin da aka ce, da jirin da Yaya ta ɓoye. Da na zo kan rawar hannu, Umma ta dafe ƙirji ta yi salati, Hajiya kuma ta miƙe ta shiga ɗakin Yaya da sauri har takalminta ɗaya ya cire. Na ji ta tana cewa, "Haba 'yar nan, ki mutu a tsaye saboda kunyata?"

Umma ba ta tashi ba. Ta daɗe tana kallon shuɗin kofin.

"Namu mai sauƙi ne," ta ce. "Wannan fa? In maganar nan ta je kunnen Mama cewa kin kai shayinta asibiti, kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani, Umma."

"Samun yaro mai hankali irin wannan ba kullum ba ne. Ki zubar da shayin a ɓoye, in an tambaya ki ce tana sha. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Sauran matan da ke saya fa? Wata ma tana shan maganin suga, ba ta da ƙanwa mai shinshine-shinshine."

Umma ta miƙe. Ta tattara kofinta ta yi kicin.

Bayan la'asar Kanumfari ya zo, cikin farar riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu, da 'yar ledar dabino. Na shimfiɗa masa darduma a baranda, na zauna nesa fiye da yadda na saba. Ya lura.

"Yau an ƙara mini tazara. Laifin me na yi?"

"Ina Umma ta samo hulbarta?"

Ya sosa ƙeya. "A shagona."

"Hajiya fa?"

"Ita haɗin Mama ta saya. A shagona."

Wallahi sai da na ji kunnena ya yi zafi. "Ka san duk mace ɗaya za a ba, ka yi shiru? Kullum muna waya har caji ya ƙare, ba ka taɓa cewa uffan ba?"

"Kowaccensu ta ce in rufa mata asiri. Mai shago ba ya faɗin abin da wani ya saya, haka na tarar ana yi tun zamanin babana. Kuma na ɗauka ganye ne, in bai yi amfani ba, ba zai yi illa ba."

Na ba shi labarin Yaya dafe da bango. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ina magana fuskarsa na sauyawa, har ya ajiye ledar dabinon a ƙasa ya haɗa hannuwa.

"Innalillahi. Ban taɓa tambayar mai saya ko tana shan wani magani ba. Ko sau ɗaya."

"Nas ta ce a kawo sunan kowane ganye."

Ya ɗago da sauri. "Kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani. In ba za ka iya tambayar ta ba, ka ce ni ce na tambaya. Kada ka ɓoye sunana."

"In ta ce a fasa auren fa?"

Tambayar da nake gudu ke nan tun a asibiti. Na kalli yatsun ƙafata. "To sai in yi kuka. Amma ba zan ƙara dafa wa Yayata abin da ban san ko mene ne ba."

Ya tashi bai ko sha ruwan da na kawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya, waya ta zame mini abokiyar gaba. Ko saƙon kamfanin layi ya shigo sai gabana ya faɗi. Shi kuwa gaisuwar safe kawai yake turowa, a bushe. Wata mata da ta zo barka ta ce ta je sayen shayin masu jego, an ce mata an dakatar da sayarwa. Umma ta harare ni, ni kuma na rasa ko murna zan yi ko kuka. Abin da ya riƙe ni shi ne Yaya. Jirin ya ɗauke, ta fara cin abinci da marmari, ƙamshin nan ya bar wanki. Dunƙule bai daina kuka gaba ɗaya ba, don da alama hali ne, amma ya rage murɗe-murɗen da yake yi bayan ya sha.

Yau da hantsi ina shanya, ɗaure da tsohon zane, kaina ko ɗankwali babu, saƙo ya shigo: "Na faɗa mata. Na ce ke ce. Tana hanya."

Ban gama karantawa ba na ji sallama. Na fizgi mayafin Yaya daga igiya, da danshinsa, na yafa.

Mama doguwa ce, ba ta da yawan fara'a. Ta shigo da wani ƙullin zane a hammata, ta gaisa da Umma, ta ɗauki Dunƙule ta yi masa addu'a, ta dubi Yaya da kyau ta ce, "Sannu. Jikin da sauƙi?" Umma sai rawar jiki take, tana ba da haƙurin da ba a nema ba: "Yarinya ce, Mama, bakinta ne ba linzami…"

"A kawo mini faranti babba," in ji Mama.

Na kawo. Ta zauna a kan darduma, ta kwance ƙullin. Ƙananan ƙulle-ƙulle ne a ciki, ba a daka ko ɗaya ba. Ta riƙa buɗewa tana zubawa a gefe-gefen farantin tana kiran suna: ga hulba, ga citta, ga kanumfari, ga na'a-na'a. Na ƙarshen wata busasshiyar saiwa ce baƙa-baƙa. Ta riƙe ta ta daɗe ba ta ajiye ba.

"Wannan ni ma ban san sunanta ba," ta ce. "Uwata ta nuna mini ita, mai kawo mini kuma da ido muke ganewa. Tun ina amarya nake haɗawa. Ba wanda ya taɓa dawo mini da cewa ya cutu, amma da ɗana ya tambaye ni ko na taɓa bin sawu in ji, sai na rasa amsa."

Ta ajiye saiwar, ta tura farantin gabana.

"Ke ce Me-ya-sa?"

"Ni ce, Mama."

"Gobe za ki ɗauki wannan, ki raka ni wurin nas ɗin taki. Da kunnena nake so in ji."

Umma ta sauke wata ajiyar zuciya da sai da labule ya kusa motsi. Na kai hannu zan ɗauki farantin, sai Mama ta ɗora nata a kan nawa ta danne. Babu murmushi a fuskarta, babu fushi.

"Ba ki gama ba. Ku ba mu wuri," ta ce da su Umma, idonta na kaina. "Kin yi taki tambayar, na amsa a gaban kowa. Yanzu saura tawa."

Umma ta ɗauki Dunƙule, Yaya ta bi bayanta tana waiwaye, aka ja ƙofa. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina tambayar mutane, yau ga ni durƙushe da jiƙaƙƙen mayafi, ina jiran a tambaye ni.